Tarwada a Ƙasa, Alayyahu a Sama



Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da mai kiwon tarwada a cikin gari ya san ranar canjin ruwa, domin hanci ne ke fara ba shi labari. A buɗe bututu, baƙin ruwa mai ƙarni ya kwararo kwata, ya bi layi, wani lokaci maganar ta kai har gaban mai unguwa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwada, kuma da yawa daga masu kiwon a cikin gidajensu suke yi, a tankin siminti ko na roba ko na tamfol. Ruwan nan da ake zubarwa ana toshe hanci, taki ne. Shi ya sa wasu suka fara tambayar kansu: me zai hana a bi da shi ta ƙarƙashin shuka, shukar ta shanye dattin, ruwan ya koma wa kifi a tace?

Wannan tsari shi ake kira akwafoniks, kuma sharhinmu na yau yana kan ɗan koyo ne, mutumin da ya ga bidiyon abin a wayarsa, ya ga latas kore shar a saman tanki, kifi na wutsil-wutsil a ƙasa, ya ce ai shi ma zai haɗa nasa a tsakar gida.

Yawanci da tanki ake farawa, irin farin tankin roban nan mai kejin ƙarfe da ke cin lita 1,000. A yanke samansa wajen santimita 30, a kifar da yankin ya zama kwami, a ɗora shi bisa ragowar tankin, a cika shi da tsakuwa. Kifi a ƙasa, shuka a sama, ɗan injin tura ruwa a tsakani. Mai gyaran famfo zai iya gama haɗin a yini guda. Sai dai tun a wurin sayen tankin akwai tambayar da ɗan koyo kan manta: me aka taɓa zubawa a cikinsa? Wanda ya ɗauko man girki ko ruwan sukari ba shi da matsala idan an wanke. Wanda ya ɗauko maganin ƙwari ko sinadarin masana'anta kuwa, roba tana riƙe guba, wanki ba ya fitar da ita duka. Sannan lita 1,000 ta ruwa nauyin tan guda ce cif, ban da tsakuwa. Mai tunanin ɗora wannan a kan soro ko tsohon dakali, gara ya fara shawara da magini.

Tsakuwar ma ba kowace ba. Idan dutsen farar ƙasa ce, irin wadda ta wadata a yankin Kalambaina na Sakkwato ko Ashaka ta Gombe, za ta riƙa narkewa a hankali tana sauya yanayin ruwan. Gwajin ba shi da wuya: a ɗiga mata ruwan khal, in ta yi kumfa a bar ta. Tsakuwar dutsen da ake fasawa a kwari ko ta bakin kogi ta fi, matsakaiciya, kuma sai an wanke ta wanki na gaske, har ruwan ya daina fita ja. Wanda ya yi ƙyuya a nan zai ga ruwan tankinsa ya yi jawur, injin kuma ya toshe tun ba a je ko'ina ba.

To, an haɗa, ruwa yana zagayawa, sai zumuɗi ya motsa. Washegari ɗan koyo ya tafi wurin masu ƙyanƙyasa ya sayo 'ya'yan kifi ɗari, ko ɗari biyu tunda an yi masa ragi, ya juye a tanki, ya watsa abinci. Daga nan labarin mafi yawan masu farawa yake karkacewa, kuma dalilin yana cikin wani abu da ido ba ya gani.

Kifi idan ya ci abinci yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta wurin numfashinsa da ke bayan kumatu, saura kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Amoniya guba ce gare shi. A kogi ruwa ne ke tafiya da ita. A tanki ba inda za ta. Shukar da ke sama ma ba za ta iya kwashe ta da saurin da ake buƙata ba. Masu aikin su ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin tsakuwa. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya wani sinadari mai suna naitirait, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu, su Nitrobacter da Nitrospira, su ne ke juya wannan guba ta biyu ta zama naitiret, takin da saiwa ke sha, wanda kifi ke iya zama da shi lafiya. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fito da aikin waɗannan ƙwayoyi fili a wajen 1890, tun ba wanda ya yi mafarkin shuka latas a kan tankin kifi.

Matsalar ita ce ƙwayoyin nan ba su da hanzari. Bakteriyar da ke lalata miya a lokacin zafi takan ninka kanta cikin ƙasa da sa'a guda. Waɗannan kuwa sai su shafe fiye da rabin yini, wani lokaci yini cur, kafin ɗaya ta zama biyu. Ba a kuma ganinsu balle a ƙirga. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a littafin da ta fitar a 2014 kan ƙananan tsare-tsare irin wannan, ta ce sai an ba su mako 3 zuwa 5 kafin su kafu. A tsawon makonnin nan tanki ba shi da mai share masa guba.

Ga yadda abin yake faruwa da wanda bai jira ba. Makon farko komai lafiya, kifi na cin abinci, maigida na ɗaukar hoto. Amoniya kuwa tana taruwa. Zuwa mako na biyu rukunin farko ya fara aiki, amoniya ta soma sauka, sai guba ta biyu ta hau, ita kuma ba ta da mai kwashe ta tukuna. Wannan gubar jinin kifi take shiga ta hana shi ɗaukar iska, har launin jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai a ga kifi ya taso sama yana haki, ya ƙi abinci, da safe a tsinci biyar a mace, gobe goma. Ɗan koyo ya kira abokinsa mai kiwon kifi, abokin ya ce ai cuta ce, a fasa kafso ja-da-yalo a zuba. Maganin kashe bakteriya ke nan, kuma bai san ta kirki da ta banza ba. Ɗan abin da ya fara kafuwa a jikin tsakuwa ya mutu, an koma ranar farko, ga kifi na ci gaba da zuba amoniya. Mutane da yawa a nan suke sallamawa, tankin ya koma wurin tara ruwan wanki.

Alhali abin da ake buƙata a wannan hali ba shi da tsada. A dakatar da abinci kwana biyu ko uku, kifi ba zai mutu da yunwa ba. A zubar da kamar sulusin ruwan a ƙara sabo. A ƙara iska. Gishiri ɗan kaɗan, misalin giram 1 a kowace lita, yana rage wa kifi illar guba ta biyu, amma irin barbaɗa gishirin da masu tarwada suka saba yi ba ya yiwuwa a nan, don shuka ba ta jure shi.

Mafi sauƙi ma shi ne kada a shiga halin tun farko. Ana iya kunna tsarin babu kifi, a riƙa jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, ƙwayoyin su sami abin ci har su yawaita. Ko a fara da kifi biyar zuwa goma kawai. Wanda kuma ya san wani mai tsohon tsari da ke aiki, ya roƙi bokitin tsakuwa daga kwaminsa ya zuba a nasa tun tana jiƙe, kamar yadda mai kindirmo ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara. Hakan yana rage kwanakin jira sosai.

Ta yaya mutum zai san ƙwayoyin sun kafu? Da ɗan akwatin gwajin ruwa, mai ƙananan kwalabe da ake ɗigawa ruwa ya sauya launi. Abin mamaki, shi ne kayan da ɗan koyo ya fi jin ƙyashin saya. Zai biya kuɗin tanki da injin da bututu ba ciniki, amma ya tsaya yana jan ƙafa a kan kwalaben gwaji, ga shi kuma sai a manyan garuruwa ake samunsu wurin masu sayar da kifin ado. A ra'ayin mai wannan sharhi, wanda ba zai sayi kayan gwaji ba gara kada ya sayi kifin. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali ya cika da guba. Abin da ake nema shi ne amoniya da naitirait su sauka ƙasa da miligiram 1 a lita, naitiret kuma ya fara bayyana. Ranar da aka ga haka, ranar ce ta sayo kifi.

Haɗa kifi da shuka ba sabon tunani ba ne. Manoman kudancin Sin sun yi ƙarnoni suna sakin kifi a fadamar shinkafa, har a 2005 FAO ta sanya tsarin gundumar Qingtian da ke lardin Zhejiang cikin kayan gadon noma na duniya. Amma na zamani, mai tanki da injin, a Amurka ya girma. Cibiyar New Alchemy da aka kafa a 1969 ta yi gwaje-gwaje a jihar Massachusetts. A shekarun 1980 Mark McMurtry na Jami'ar Jihar North Carolina ya riƙa bi da ruwan karfasa ta cikin kwamin yashi yana noma tumatir da kokwamba. Wanda ya fi kowa tasiri shi ne James Rakocy na Jami'ar Virgin Islands, a tsibirin Saint Croix mai ƙarancin ruwan sha, wanda ya shafe kusan shekara talatin yana auna abinci nawa ke ciyar da shuka nawa. Tsarinsa mai tankunan kifi huɗu da dogayen kwatamai shida, inda latas ke yawo a kan allunan soso, yana ba da fiye da tan 4 na karfasa a shekara a filin da bai kai girman fuloti biyu ba.

Waɗannan duk masu bincike ne masu ma'aikata da kasafi. Na tsakar gida kuwa, Ostireliya ce ta yayata shi a shekarun 2000, lokacin da dogon fari ya sa aka taƙaita ban ruwan lambu a birane, mutane irin su Joel Malcolm a Perth da Murray Hallam a Queensland suka riƙa koya wa jama'a yanka tanki. Abin dariya, karfasar da duniya ta fi amfani da ita a wannan harka haramtacciya ce a can, doka ta ɗauke ta a matsayin baƙon kifi mai ɓarna, yawanci da kifayen ƙasarsu suke yi. A Amurka kuma wani mai suna Travis Hughey ya fitar da ɗan littafi kyauta a 2005 yana nuna yadda ya haɗa nasa da durom ɗin roba guda uku. Dabararsa ta sakin ruwa ta fi burgewa: na'urar sakin ruwa ta masai irin na zamani ya ɗauko, ya ɗaura mata gorar roba, idan gorar ta cika da ruwa ta yi nauyi sai ta ja murfin, ruwa ya kwarara cikin tsakuwa. FAO ita ma ta kafa wa iyalai ƙananan tsare-tsare a kan rufin gidaje a Zirin Gaza, inda ƙasar noma da ruwa mai kyau suka yi ƙaranci.

Dabarar Hughey tana warware wata buƙata ce ta gaske. Saiwa tana son ruwa, tana kuma son iska, ƙwayoyin bakteriyar ma haka. Saboda haka kwamin tsakuwa cika yake yi ya zuƙe, ya sake cika ya zuƙe, dare da rana. Yawancin masu yi yanzu da wani bututu mai hula suke amfani, wanda idan ruwa ya kai wani tsayi sai ya kama zuƙa da kansa har kwamin ya tsiyaye. Ba shi da wuta, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, amma ba abin da ke cin ran ɗan koyo kamarsa. Ruwan da ke shigowa ya yi kaɗan, ya ƙi kamawa, sai tsiyaya. Ya yi yawa, ya kama ya ƙi saki. Sai an zauna a gabansa ana murɗa kan famfo kaɗan-kaɗan har a dace. Wanda haƙurinsa ya ƙare yana iya sa wa injin agogon kunnawa da kashewa, minti 15 a kunne, 45 a kashe, ya huta. Abu ɗaya dai: kada ruwa ya haura saman tsakuwa. A bar shi yatsa biyu ƙasa da ita, in ba haka ba gansakuka da sauro sun sami gida.

Sai maganar tsamin ruwa, abin da ake aunawa da ma'aunin pH. Masu gida uku ne a tsarin nan, kowa da abin da yake so. Shuka ta fi son ruwa mai ɗan tsami, ƙwayoyin bakteriya sun fi son wanda ya haura 7, kifi yana tsakiya. Sulhun da aka cimma shi ne tsakanin 6 da 7. Ruwan burtsatse a wasu wurare ya haura haka, sabon tankin siminti kuma yana ƙara ɗaga shi. Haɗarin a nan shi ne, duk hawa ɗaya a ma'aunin yana ninka kason amoniya mai kisa kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara mata ƙarfi. Adadin da kifi zai jure a ruwa mai 7 da sanyin safiya yana iya kashe shi a ruwa mai 8 da rabi da azahar ɗin watan Afrilu. Ruwan famfo na gwamnati kuma, idan da kulorin, sai a tara shi a buɗe kwana biyu kafin a zuba.

Bayan wasu watanni lamarin juyawa yake yi. Aikin ƙwayoyin da kansa yana sa ruwa tsami, ma'auni ya riƙa sauka, idan ya faɗi ƙasa da 6 su kuma su yi sanyi. A nan ne dakakken ɓawon ƙwai a ƙulle cikin tsumma yake amfani, ko tokar itace 'yar kaɗan, a zuba a auna, a jira, a sake aunawa. Hannu zai so ya kai ga kanwa tunda tana kusa kuma kowa ya san tana kashe tsami. A bar ta a kicin. Mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri, kuma a ruwan da ke zagayawa wuri guda taruwa zai yi ta yi har ganye ya fara ƙonewa.

Duk wannan ilimi ne da ake samu a littafi, kuma ɗaya yake a Perth da Kano. Inda ƙasarmu ta bambanta shi ne wuta da zafi. Littattafan an rubuta su ne da zaton injin zai yi aiki sa'a 24. Ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 yana ɗaukar wajen miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 bai fi 7 da rabi ba, ga kifi ya fi cin iska a lokacin zafi. Ana so kada ya sauka ƙasa da 5. A ɗauke wuta da tsakar dare a bazarar Maiduguri ko Sakkwato, tankin da ya cika da karfasa yana iya zama tukunyar gawa kafin kiran assalatu. Tarwada ta fi dacewa da mu saboda tana da gaɓar shaƙar iska kai-tsaye, za ta taso ta shaƙa ta koma. Amma juriyarta tana yaudara. Ita ta rayu, ƙwayoyin da ke cikin tsakuwa da saiwar shuka kuwa sun shaƙe, bayan kwana biyu amoniya ta tashi maigida ya rasa dalili.

Injin kansa ba mai cin wuta ba ne, wat 30 zuwa 50 ya ishi tsari ɗan ƙarami. Faifan sola guda zai riƙe shi da rana. Dare ne matsala, kuma batirin da zai kai shi asuba yana iya fin tanki da tsakuwa da kifin tsada a haɗe. Masu bidiyo ba su cika faɗin wannan ba. Mafi ƙarancin abin da za a tanada shi ne ɗan injin hura iska mai batir, wanda zai kama aiki idan wuta ta tafi.

Tankin yana son inuwa, rumfar zana ma ta isa, a kuma rufe jikinsa kada rana ta ratsa ta haifar da gansakuka. Shuka kuwa tana son rana, sai dai a bazara ita ma a sa mata raga. Da hunturu labari ya sauya: karfasa tana rage cin abinci idan ruwa ya yi sanyi, tana mutuwa idan ya sauka wajen digiri 11 ko 12, abin da mazauna Jos ya kamata su sa a lissafi. Sannan murfi, mai ƙarfi. Tarwada tana tsalle, kyanwa tana leƙe, akuya da kaji da ƙadangaru suna jiran dashe, kuma sama da duka, gidan da ke da yara ƙanana bai kamata a bar ruwa mai zurfin ƙugu a buɗe ba.

Kifi nawa, shuka nawa? Lissafin ba daga yawan kifi yake farawa ba, daga abincin da ake zubawa kullum ne. Ƙa'idar FAO ita ce giram 40 zuwa 50 na abinci a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye, giram 50 zuwa 80 ga masu 'ya'ya irin su tumatir. Ta kuma ba mai farawa shawarar kada ya wuce kilo 10 zuwa 20 na kifi a lita 1,000. Wato kifi ashirin ko talatin idan sun girma, suna cin wajen giram 200 a rana, suna ciyar da kwami mai faɗin murabba'in mita huɗu. Kwamin da aka yanko daga saman tanki kuwa da kaɗan ya wuce mita ɗaya, ke nan mai shi sai ya rage kifi ko ya ƙara kwami.

Gogaggen mai tarwada zai yi dariya idan ya ji kifi ashirin, shi da ya saba cusa ɗari a irin wannan tanki. Yana da gaskiyarsa, amma shi canjin ruwa yake yi. Tarwada ɗari masu kilo ɗaiɗai za su ci aƙalla kilo guda na abinci a rana, wanda ke buƙatar kwami mai murabba'in mita 20 zuwa 25, ga kashin da zai toshe tsakuwa ya yi wari sai an sa durom na tace laka a tsakani. Ga irin wannan mutum, hanya mafi hankali ba lallai ta zama zagayen ruwa ba. Ya ja ruwan da yake zubarwa zuwa kwamin ƙasa ko buhunan shuka a gefen katanga, ya noma kuɓewa da rama da yakuwa. Ba injin, ba batir, ba bututu mai hula. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce wannan ba akwafoniks ba ne. Ko ma mene ne, ya raba shi da maƙwabta, ya kuma kawo kayan miya.

Inda cikakken tsarin ya yi fice shi ne gidan da aka shafe tsakarsa da siminti, ba ƙasar shuka, kuma ruwa saye ake yi wurin 'yan garuwa. Abin da ke raguwa a rana kashi 1 zuwa 3 ne cikin ɗari, wato lita 10 zuwa 30 a tanki mai lita 1,000, kusan jarka guda, ko da yake bazara tana ƙara shan sa.

A watannin farko ganye ake shukawa: alayyahu, latas, ɗoɗɗoya, na'a-na'a, lansir. Murabba'in mita guda tana ɗaukar tushe 20 zuwa 25, kuma alayyahu cikin wata guda ya isa yanka. Tumatir da tattasai da kokwamba sai tsarin ya kwana biyu, taki ya taru, kuma tushe 4 zuwa 8 kawai wuri ɗaya ke ɗauka. Abincin kifi an haɗa shi ne don kifi, saboda haka abu uku kan yi wa shuka ƙaranci: sinadarin ƙarfe, fotasiyam da kalsiyam. Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore, ƙarfe ne ya gaza. Jefa tsohuwar ƙusa a tanki ba ya magani, sai garin ƙarfe na musamman da masu kayan noma ke sayarwa, wanda saiwa ke iya sha.

Ƙwari kuma su ne jarrabawar da ba ta da gajeriyar hanya. Duk abin da aka fesa wa ganye zai gangara wurin kifi. Har magungunan gargajiya da ake ganin ba su da illa, ruwan darbejiya da na taba, suna cutar da kifi. Manoman Kano da Kaduna ba su manta da tsutsar nan da suka laƙaba wa suna sharon ba, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016. Idan ta shigo tsakar gida, mai akwafoniks ba shi da makami sai raga, da tsince ganyen da ya kamu da hannu, da tuge tushen da ya gagara.

Riba fa? A shekarar farko babu, kuma duk wanda ya ce akwai a tanki guda yana da abin sayarwa ne. Kilo ashirin na kifi a wata shida da dami-damin alayyahu ba za su mayar da kuɗin batir ba, balle da damina lokacin da ganye ke arha a kasuwa kamar a ba ka kyauta. Ba kuma za a noma gero ko dawa a ciki ba. Abin da ake samu shi ne ganye sabo a watannin da ya yi tsada, kifin da aka san abin da ya ci, da ƙwarewar da za ta hana asara idan an tashi faɗaɗawa.

Akwai tarko ɗaya da ke jiran wanda ya tsallake duk waɗannan, kuma ranar murna yake kamawa. Wata shida sun cika, tarwada ta yi ɓul-ɓul, ga salla ko suna ya zo, sai a kwashe kifin duka a yi farfesu. Cikin kwanaki shuka ta fara yin rawaya don mai ba ta taki ya tafi, ƙwayoyin bakteriya su ragu don ba abinci, idan aka kawo sabon kifi sai an sake lallaɓawa. Haka idan aka yanke ganyen duka rana guda, naitiret ya yi ta hawa ba mai sha. Dalilin da ya sa Rakocy ya raba kifinsa tanki huɗu ke nan, masu shekaru daban-daban, yana kwashe guda duk bayan mako shida, yadda abincin da ke shiga ruwa kullum ba ya sauyawa sosai. A gida ana kwaikwayon wannan da sauƙi: a riƙa cire kifi biyu ko uku lokaci guda, a raba kwami kashi huɗu a riƙa yanke kashi ɗaya ana dasa sabo kowane mako. Sai dai mai tarwada ba zai zuba ƙanana cikin manya ba, don manyan za su mayar da su abincin dare. Dole ya tanadi durom na biyu a kan layin ruwan, inda 'yan baya za su girma har su kai girman da bakin yayyensu ba zai iya haɗiye su ba.